Littafin Darakta

"Ki danna inda ya ce ki danna mana!"

Maigidana ke nan, yana tsaye a kaina da waya a kunne, hannu ɗaya a baya, kamar ana duba ofis. Ni kuwa ina zaune gaban kwamfuta, tabarau a kan hanci, yatsana ɗaya a sama yana jiran umarni.

Bari in gaya muku yadda muka kai nan. Bawan Allahn nan ya gama aikin ofis kaf bai taɓa latsa madannin kwamfuta ba, don yana da sakatariya. Yara suna ce masa Darakta, ko da yake a mataimaki ya tsaya, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Da ya yi ritaya ya rasa wanda zai ba umarni, sai abin ya faɗo kaina. Wai tarihin rayuwarsa zai rubuta. Wato shi ya faɗa, ni in buga. Ni da ban san komai ba sai keken ɗinki!

Na yi mita iyakar mita, amma ban ƙi ba, don na san abin da yake tsoro. Mantuwa ta fara kama shi. Da farko makulli ne, sai sunan maƙwabci. Wata rana ya ƙura wa jikarmu ido ya ce, "Ke 'yar wace ce?" sannan ya yi dariya wai wasa yake. Likita ya ce abin gaba zai yi ta yi. Shi ya sa yake gaggawar sauke abin da ke kansa tun yana nan. Shekara uku muna fama, saura babi ɗaya mu gama, sai ga wannan waya.

Ya rufe bakin wayar da tafin hannu, fuskarsa har sheƙi take. "Daga kamfanin da ya ƙera kwamfutar ne. Sun hango cuta a ciki daga can. Kin gani ko? Da a ofis sai na rubuta takarda, na aika masinja, na yi faɗa, kafin mai gyara ya leƙo. Yau su da kansu suka neme ni."

"Ina suka sami lambarka?"

"Kamfani ne fa, ba shagon ɗinki ba."

Ya ƙara murya ya ajiye wayar a kan tebur. Wallahi ban taɓa jin mutum mai ladabi irin wannan ba. Kowace magana sai ya liƙa mata "ranka ya daɗe". Ya tambayi lafiyar iyali, ya ce daga jin muryar maigida ya san da babban mutum yake magana. Shi ke nan, an gama da Darakta. Har ya gyara wuyan riga.

Mutumin ya sa na buɗe wani wuri da ban taɓa shiga ba. Sai ga layuka cike da allo, wasu da jan tabo, wasu da rawaya.

"Akwai ja, ranka ya daɗe?"

"Birjik!" in ji Darakta.

"Subhanallahi," in ji mutumin, da murya kamar ta mai gaisuwar mutuwa. "Da mun ƙara kwana ɗaya, da komai ya tafi. Akwai wani abu mai muhimmanci a ciki?"

Na taka ƙafar maigida a ƙarƙashin tebur. Ina! Sai da ya ba shi labarin littafin tun daga babi na ɗaya, har da cewa babu kwafinsa ko'ina a duniya. Mutumin ya ce lallai irin wannan littafi gata ne ga al'umma. Ni da na buga shi da yatsa ɗaya ko sannu ban samu ba.

Daga nan ya sa na sauke wata manhaja, na karanto masa lambobin da suka fito. Ban ankara ba sai na ga kibiyar nan ta kan allo ta fara yawo ita kaɗai. Hannuna biyu suna kan cinyata, amma tana buɗe wannan tana rufe wancan, kamar ɓarawo a ɗakin da ya sani.

"Baban yara, abin nan fa ba ni nake motsa shi ba!"

"To da ke za ki motsa? Ƙwararru ne suke aiki. Ki zuba ido ki koya."

*

Maganar kuɗi ce ta ɓata zumuncin. Mutumin ya ce an cire cutar, saura a biya kuɗin kariya, a karanto masa lambar katin banki kawai. Darakta ya lalube aljihu, ya lalube ɗaya, sannan ya tuna tun bara katin yake hannuna.

"Kawo katin."

"Ba zan kawo ba."

"Ke, umarni nake ba ki."

"Ka kore ni daga aikin. Dama ba a taɓa biyana ba."

Na sunkuya wajen wayar na ce, "Malam, tunda har ka hango cuta daga can, gaya mini, wane launi ce kwamfutar tamu? Wane iri ce?"

Sai ya ce, "Mama, ki ba ranka ya daɗe wayar."

"A kan tebur take, yana jinka. Wane iri ce?"

Jama'a, ashe ladabin nan riga ce, a take ya tuɓe ta. Murya ta sauya, "ranka ya daɗe" ya koma "kai tsoho". Allon ya yi baƙi, wani ɗan akwati ya fito yana neman kalmar sirri. Ya ce ko mu biya yanzu, ko mu yi ban kwana da littafin. Darakta ya dafa kujera. Ba rufe kwamfutar ce ta fara dukansa ba, "kai tsoho" ɗin nan ne.

Na kira autarmu da wayata. Ban kai ƙarshen bayani ba ta kwatsa ihu.

"Mama, ki kashe wayar Baba! Ki zare wayar intanet daga bango, ki kashe kwamfutar! Babu kamfanin da yake kiran mutum ya ce ya ga cuta. Jan tabon nan kowace kwamfuta tana da shi. Kun ba shi lambar kati?"

"Ban ba shi ba."

"Alhamdu lillahi. Kada ku biya ko sisi. In kun biya gobe ma zai dawo, kuma ba lallai ya buɗe ba."

Na zare duk wata waya da ke jikin bango, har da ta fanka. Darakta yana ta cewa a bar shi ya yi magana da shugaban yaron nan, zai sa a ba shi takardar gargaɗi.

*

Washegari Auta ta kai mu wurin mai gyara, wani mai shago a ƙarƙashin bene, kwamfutoci jibge har rufi. Ya buɗe, ya duba, ya ja tsaki. Ya ce kwamfutar za ta tashi, amma ɓarawon ya share takardun ya bi sawunsu ya goge kafin mu zare waya. Ya yi iya ƙoƙarinsa, abin da ya tono tarkace ne da ba ya karantuwa.

"Ba komai," in ji Auta. "Ai akwai filas ɗin kwamfuta da na kawo muku, na ce a riƙa kwafe littafin a ciki duk mako. Mama, yana ina?"

Na dubi Darakta. Ya gyara murya.

"Yana nan lafiya lau. Na adana shi."

Da muka koma gida ya ciro makulli, ya buɗe durowar tebur. Ga filas nan a kwance cikin ledarsa, ko ɓare shi ba a yi ba, kusa da sababbin biro da kwalin ƙusar takarda. Haka ya saba a ofis: sabon kaya a kulle yake, sai buƙata ta taso. Kullum na tambaya sai ya ce buƙata ba ta taso ba tukuna.

Auta ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta ga fuskarsa, ta haɗiye. Ni kuwa na shiga banɗaki na buɗe famfo, na yi kukana na ƙoshi. Haushi nake ji, na ɓarawon, na maigida, har na yatsana.

*

Aka kwana biyu. Ranar da aka dawo da kwamfutar, wayam kamar sabuwa, Darakta ya sa rigarsa mai wuya, ya zo ya tsaya a kaina, hannu a baya.

"Sakatariya, a shirye kike?"

Na sa tabarau. Filas yana jikin kwamfutar, ni na ɓare shi da haƙorina.

"Babi na ɗaya," ya ce. "An haife ni a gidan kakana, gida mai ƙofa biyu. Wanda ya fara kai ni makaranta shi ne..."

Ya tsaya. Ya dubi rufi, ya dubi taga. Leɓensa yana motsi, babu abin da ya fito. Mutumin nan da yake neman sunansa shafi guda ya ci a tsohon littafin, har da kekensa mai ƙararrawa da alewar da yake saya masa a hanya. Sau uku ya sa na sake buga shafin don wai bai yi daɗi ba.

Na sauke yatsana na ci gaba da bugawa. Na sa kawunsa, na sa keken, na sa ƙararrawar.

"Me kike rubutawa?"

"Abin da ka faɗa."

Ya sunkuyo ya karanta a hankali, yana bin layin da yatsa. Da ya kai wurin alewar sai ya yi murmushi.

"Kai, wannan labari da daɗi," ya ce. "Sai me ya faru?"