Mai Riƙon Tuta da Jikarsa

Ranar Laraba 'yan mazan jiya na garin suka zauna a zaurensu, kowa da kofin gahawa, suka yanke shawara. In har wata 'yar wasa ta kuskura ta durƙusa ana taken ƙasa, kamar yadda wasu 'yan wasan Amurka ke yi don nuna adawa da zaluntar baƙar fata, a wasan ƙwallon kwando na ranar Asabar, su huɗun da ke shigo da tuta za su juya su fice, ko da waƙa ba ta ƙare ba. Vernon Hruska ne ya kawo maganar, shi ne kuma mai ba da umarni a fareti. Da aka ce a ɗaga hannu, Lucius Tarver ya ɗaga nasa ba tare da wata-wata ba. Shi kaɗai ne baƙar fata a zauren, amma shi ma durƙuson nan yana ƙona masa rai, don tun yaƙin Vietnam yake raka gawar abokai lulluɓe da wannan tuta.

Washegari jikarsa Janelle ta biyo daga makaranta, ta buɗe firij ba ko gaisuwa, ta ce, "Kaka, gara ka ji daga bakina. Ni ce zan durƙusa."

Cokali ya tsaya a hannun Lucius. "Ke? Ke da ko kwano ba kya wankewa sai an yi miki magana uku, ke ce za ki gyara Amurka?"

"Ai kai ka ba ni labarin ranar da ka dawo daga yaƙi da kaki a jikinka, mai gidan abinci ya ce ka zaga ta baya don kai baƙar fata ne."

"Labari na ba ki, ban aike ki ba! Kuma duk da haka ban taɓa ƙin tsayawa wa tuta ba."

"Na sani, tsoho. Shekara hamsin kana tsaye. Har yanzu in yayana ya fita da mota sai Mama ta kasa zama don tsoron 'yan sanda."

Sai ya ce ta rufe masa firij.

Sau uku yana ɗaukar waya zai kira Vernon, sau uku yana ajewa. Me zai ce masa? Vernon mutum ne mai taurin kai, wanda in ya faɗi magana ko shi kansa ba ya iya janye ta. Amma shi ne ya kwana huɗu a kujerar asibiti lokacin da matar Lucius take jinyar ajali. Lucius yana tsoron rasa shi, tsoro na gaske, irin na wanda abokansa suka kusa ƙarewa.

Asabar da la'asar ɗakin wasan makarantar ya cika maƙil. Su huɗu suka tako kafaɗa da kafaɗa: Lucius a tsakiya da tutar ƙasa, na kusa da shi da tutar jiha, Vernon a dama da bindiga, wani kuma a hagu. Suka ƙame a tsakiyar fili. Gumi ya jiƙa farar safar hannun Lucius. A ransa yana roƙon Allah Ya sa yarinyar nan ta tsorata, ko takalminta ya kwance, ko wuta ta ɗauke.

Aka soma taken. Mai riƙon tuta ba ya waiwaye, amma bai bukaci waiwaye ba, don 'yan matan suna jere a gabansa. Ta biyar a layi ta sauke gwiwa ɗaya ƙasa, ita kaɗai. Daga saman benci wani ya yi mata ihu, wasu suka kama.

"A juya," in ji Vernon ƙasa-ƙasa. "Gaba dai!"

Ukun suka juya. Lucius bai motsa ba. Ba jarumta ba ce, ƙafafun ne suka ƙi, don juyawar nan tana nufin ya ba Janelle baya a gaban duk garin.

Vernon ya yi taku biyu, ya ji ba kowa a kafaɗarsa, ya tsaya cak. Doka ce da kowane soja ya sha tun yana kurtu: mai bindiga ba ya tafiya ya bar tuta ba mai gadi. Wuyan Vernon ya yi jawur. Ya ja da baya, ya dawo gurbinsa, sauran biyun suka bi shi suna haɗa ƙafa.

"Ka ɗaga hannu ranar Laraba, Lucius," ya faɗa ta gefen baki.

"Jikata ce."

"Ka sani kenan. Ka sani ka bar ni na yi abin kunya."

Haka suka tsaya har waƙar ta kai ƙarshe, kuma Lucius bai taɓa sanin tana da tsawo haka ba.

A ɗakin ajiya Vernon ya miƙa hannu bai dube shi ba. Lucius ya kwance bel ɗin da ake soke sandar tuta a ciki, ya ba shi.

Bayan an tashi, Janelle ta same shi zaune a kan dakalin wurin ajiye motoci, hula a cinya.

"Kaka, ashe kana bayana!"

"Kada ki yaudari kanki. Har gobe ba na son abin da kika yi, kuma in kika sake zan sake jin haushi." Ya share fuska. "Ba zan iya juya miki baya ba ne kawai."

Ta zauna kusa da shi. Can ta ce, "To me kake jira a nan? Sanyi fa ake yi."

Lucius ya dubi gurbin da Vernon ya ajiye motarsa ɗazu, babu mota a ciki.

"Kira min uwarki ta kai ni gida," ya ce. "Wanda ya kawo ni ya tafi."