Akuyar da Akolgo Ya Kawo

Shekara ashirin da uku ina sayar da wake da shinkafa a bakin lungunmu na Zongo, kuma kowa ya san ni Kirista ce, Agnes Talata, 'yar Bawku. Musulmi ne masu cin abincina, don sun san namana daga hannun Sulley mahauci yake fitowa. Ko kaza ban taɓa yanka wa tukunyar nan da kaina ba.

To, Sulley ya tafi jana'iza arewa. Akolgo, ƙanen marigayi mijina, mai lodi a tashar motar Race Course, ya kawo min akuya a feɗe, ya ce wani Musulmi ne ya yanka a tasha. Na dafa. Da safe ina jera kwanuka ya zo yana washe baki, wai motar haya ce, torotoro, ta buge akuyar, kafin a samo wuƙa ta mutu.

"Anti, wa zai sani? Mu dai a coci ba a hana mu ba."

Ji min sakarai. Kamar cocin ta ce ka cusa wa maƙwabci abin da ya ƙi a baki.

Wadda ta fara zuwa kuwa Hajiya Fusena ce. Da mijina ya rasu, 'yan cocinmu sun yi waƙa kwana biyu sun watse. Ita ce ta yi wata guda tana zuwa ta zauna da ni. Ba ni da ɗa, ba ni da kowa a garin nan, sai ita. Ta miƙo kwano, ta ce in sa mata tsoka mai laushi saboda haƙoranta.

Wallahi hannuna ya kai kan ludayin. Sai na ajiye.

"Hajiya, yau kada ki ci. Naman mushe ne, yanzu na ji."

Ta dube ni ta dubi tukunyar, ta janye kwanonta a hankali. Duk wanda ya zo bayanta haka na faɗa masa. Miyar kuma na kai bola, don ta riga ta haɗu da naman.

Kafin azahar maganar ta canza riga: wai Talata mushe take ciyar da mutane, yau ne Allah ya tona ta. A coci ranar Lahadi matan suka ce ni na jawo wa kaina da shegen surutu. Akolgo ya daina gaishe ni, wannan kam ko a jikina.

Sulley ya dawo, na sayi nama a idon jama'a. Duk da haka kwana tara ina zaune da ƙudaje, bencina wayam. Ba cinikin ne ya fi ci min rai ba. Hajiya nake jira.

Ran na goma ta zo. Ta zauna inda ta saba, ta tambayi ƙafata da ke ciwo. Daɗi ya kama ni har na rasa murfin tukunya. Na zuba wake, na kai ludayi cikin miya, na zaɓo mata tsoka mafi laushi.

Ta ɗaga hannu.

"Bar shi haka, Talata. Sa min yaji kawai."

Na mayar da naman. Ta ci tana kallon titi, ni kuma na juya ina goge kwanon da na riga na goge.