Muryar da ke Bayan Tsohuwa

…kuma ya sake mayar da kaset ɗin baya. Ƙiii, kamar ɓera cikin kwali, sai tsohuwar ta koma inda ta riga ta wuce. "Ya fake gindin tsamiya yana jiran ruwa ya ɗauke…" Ni ina bakin ƙofa, tire a cinya, ina tsintar shinkafa. Rana tsaka, Asabar. Ba na ɗaga kai. Na san abin da ke tafe.

Ga shi nan. Cokali a kan kwano, kwas, kwas, sannan dariyarki.

Esther. 'Yata.

Babanki ba ya ji. Benson na sunkuye a kan teburi, biro na gudu, bakin tsohuwar kawai yake bi. Kalma, ya tsayar, ya rubuta, ya mayar baya. Ke kuma ki sake dariyar, iri ɗaya sak, har da ɗan shaƙuwar nan ta ƙarshe. Sau nawa yaro zai yi dariya ɗaya?

Karatun digiri na biyu ne, a Zariya. Wai yana nazarin lokaci — yadda yake tafiya a cikin labaran tsoro da na aljanu da na mutanen da suka je duniyar gobe. Littattafansa masu hoton mutanen ƙarfe, ni kife su nake yi in zan share ɗaki. Ya taɓa yi mini bayani, muna sabon aure, yana dariya: "Ladi, fatalwa ba komai ba ce, mutum ne da lokaci ya maƙale masa." Na gyaɗa kai. Ni da na tsaya a firamare, me zan ce?

Maƙale…

Bara ne, da damina, ya ɗauko Kaka Rhoda daga Kakau har ɗakin nan namu na Makera, don ta faɗa wa rediyonsa labarin da ta ji wurin kakanninta. Kan wannan tabarmar ta zauna. Ke kina rarrafe, kin samu cokali. Mutumin labarin ya koma gida bayan ruwa ya ɗauke, ya tarar da jikokinsa da furfura, ba wanda ya san shi — ƙyanda ce, in ji nas ɗin, kun makara — zafin jikinki har ta cikin zanin goyo — a'a. Shinkafa. Ga tsakuwa nan.

Ba mu da hotonki. Mun ce sai Kirsimeti.

Jiniyar masaƙa ce wannan? Ta Kakuri, ta tashin 'yan aikin safe? Ko ta cikin kaset ce? Don ranar ma ta yi kuka, tana nan a bayan tsohuwar, a bayanki. Wani lokaci su biyun su haɗu, ta waje da ta ciki, sai in rasa wace shekara nake zaune. In na waiwaya yanzu, tabarmar… ba zan waiwaya ba.

Kaka Rhoda ma ta rasu. Matattu biyu a cikin akwati ɗaya, ɗaya na ba da labari, ɗaya na dariya. Shi kuwa ya ce babi na uku.

Na san yadda yake aikinsa. Ina kallo, ai kallo ba ya buƙatar boko. In ya gama kwashe maganar kaset a takarda, sai ya ɗora sabuwa a kai, don kaset ya yi wuya a kasuwa. Na wani tsoho maharbi haka ya tafi. Na matar fasto haka. Yau da safe ya ce saura kaɗan ya gama da tsohuwar Kakau, gobe bayan coci akwai wani dattijo a Kakuri da zai ɗauka.

In faɗa masa? Ta ina? Tun da muka dawo daga maƙabarta bai ƙara kiran sunanki ba. Maman Esther ta koma Ladi, rana ɗaya. In na ce "Baban—" sai in fasa. Ko dai yana ji ne? Ko shi ya sa yake ta mayarwa daidai wurin nan, daidai cokalin… a'a. To me ya sa kunnensa ke motsi?

Shehu mai sayar da kaset a bakin titi ya taɓa nuna wa wata mata, ina tsaye: akwai ɗan harshe a gindin kaset, in an karya shi, ba a iya ɗora komai. Shekaranjiya da ya tafi makaranta na karya shi da tsinken kitso. Na ce shi ke nan, na kulle ki.

Ya ajiye biro. Yana miƙa.

Ya mayar da kaset ɗin tun daga farko, ya danna jan maɓallin nan — ya ƙi shiga. Ya ciro, yana jujjuyawa. Ya gani. Ka dube ni mana. Ka tambaya waye, zan faɗa, na rantse zan faɗa…

Salatif. Ya yago salatif da haƙori, ya liƙe ramin. Dama haka kawai ne? Shehu bai faɗi wannan ba.

Kas. 'Yar jar wutar ta kama. Kaset ɗin yana juyawa, ina ganinsa ta gilashin, a hankali, a hankali.

"Ladi, yi magana in gwada ko yana ɗauka."

Yanzu gaisuwar tsohuwar ke gogewa. Sai tsamiya. Sai ruwa. Daga nan sai ke. Ba nisa, na haddace hanyar.

Bakina a buɗe. In na ce tsaya, tsayar ce za ta zauna a nan har abada, muryata, a kan hanyarki. In na yi shiru ma, shirun ci yake yi.

Ya miƙo mini bakin rediyon. Har yanzu… bai dube ni ba.

Tiren ya yi nauyi.

Kaset ɗin yana juyawa —