Gwajin Kiyashi

Inna Saude ta karkaɗe kiyashin cikin ludayi, matan gidan suka sunkuyo kamar masu leƙen rijiya. Mas'uda ba ta taɓa kallon nononta a fili haka ba, fari fat, da ɗuminsa, yana kaɗawa a cikin ludayin. Idan kiyashin suka fito da rai, surukarta za ta miƙo mata jaririyarta Firdausi. Idan suka mutu, nono ya ɓaci ke nan.

Laifinta bai wuce miƙa dantse ba. Ta kai yarinyar awo asibitin garin Isa, aka yi wa ita Mas'uda allurar korona. Ma'aikaciyar asibitin ta bayyana mata cewa an ɗora saƙon rigakafin ne a kan wata ƙwayar cuta da aka karya lagonta. "Kamar alfadari take, tana kai kaya amma ba ta haihuwa. Ci gaba da ba ɗiyarki nono," in ji ta. Mas'uda ta dawo ƙauyensu tana al'ajabin ilimin da Allah ya ba ɗan'adam, har ya mayar da cuta ɗan aike. Daɗin labarin ya hana ta riƙe bakinta. Kafin la'asar an haɗa zancenta da wata murya da ke yawo a wayoyi, wai wanda aka yi wa allurar yana shafa wa mutanen gidansa cuta ta gumi da numfashi da nono.

"Ke da bakinki kinka ce ƙwayar cuta anka sa miki," in ji Inna.

"Inna, ta ce ba ta taɓa kowa."

"Wa yag gani? Wanga kuwa iyayenmu sunka bar muna, ido na shaida."

Kiyashin suka yi ta wutsil-wutsil, can suka yi shiru. Wata tsohuwa ta yi salati. Mas'uda ita kanta ta ji tsoron ƙirjinta. A cikin taron nan kaf ba wadda ta yi tunanin jefa kiyashi a nonon akuya ta ga yadda za su ƙare.

* * *

Aka ware mata kwano da moɗa da tabarma. Firdausi ta koma ɗakin Inna, ana ɗura mata nonon akuya da aka sirka da ruwan rijiya. Mijinta Lawwali, da ke iya cinikin gero da Faransanci a Maraɗi, gaban uwarsa ba shi da baki. Daga ƙofa ya tsaya ya ce, "Ki yi haƙuri, za ni tambaya in na je Isa."

Bai kai ga tambayar ba gudawa ta kama yarinyar. Mas'uda tana jin kukan ta katanga, kuma duk sanda ya tashi sai nono ya tsattsafo ya jiƙa mata riga. Abin yana ba ta mamaki da baƙin ciki, jikinta ya ƙi yarda da hukuncin da aka yanke masa. Kullum kukan ƙara sirancewa yake.

Ranar da maɗigar yarinyar ta faɗa, Inna da kanta ta shigo da ita, idanunta jawur, don ita ma son jikarta take har ranta.

"Amshi, ba ta," ta ce.

Mas'uda ta sa mata nono a baki. Leɓɓan suka motsa, suka kasa kamawa. Lawwali ya tayar da babur suka nufi asibiti, amma ba su kai garin Bafarawa ba rai ya yi halinsa, ya juyo da su.

* * *

Da maza suka tafi kai ta, Mas'uda ta zagaya bayan rumbu. Ƙirjinta ya yi tam, yana zogi. Ta durƙusa ta tatse a ƙasa, nonon ya taru a ɗan gurbi.

Sai ga kiyashi sun yi layi daga gindin rumbun. Suka kewaye bakin gurbin suna sha, wanda ya ƙoshi ya juya ya ba na baya wuri. Ta zuba musu ido tana jiran na farko ya faɗi.

Har aka dawo daga maƙabarta tana nan durƙushe. Layin bai yanke ba.