Kalmar da Baba bai ƙarasa ba

Allin na hannunsa lokacin da Uwar Biyu ta same shi zube a gindin katangar da ta raba gidajensu, takalminsa ɗaya ya fice.

"Baba! Subhanallahi, me ya same ka?"

"Jiri ne kawai," in ji tsohon, bakinsa ya karkace. "Wuce, 'yata, za ki makara."

Ranar ce fa ranar jarrabawarta. Ta daɗe tana shara a asibiti, ba ta da buri sai shiga makarantar jinya. Sau biyu Turanci na kayar da ita, bana kuma shekarunta sun kai iyaka. In ta rasa wannan, shi ke nan.

Maƙwabcin nata tsohon malamin makaranta ne, ba mata, 'ya'ya sun yi nisa. Shi ya ɗauki koya mata Turancin a kansa. Kullum da safe sai ya rubuta kalma ɗaya a katanga ta ɓangarenta, ta wuni tana juya ta a ranta, da yamma ya ba ta labarinta. Kuma fa mutumin akwai taurin kai! Ba ya faɗin ma'ana sai ya faɗi asali. Ranar da ya rubuta muscle, wato tsoka, cewa ya yi asalinta ɗan ɓera ne, ya naɗe hannun riga yana motsa ƙanjamammen damtsensa.

"Ga shi nan yana gudu ƙarƙashin fata."

"Baba, naka ɓeran ai yunwa ta gama da shi."

Ya yi dariya har da tari. Ita kuwa ba ta ƙara mance kalmar ba.

Yanzu ta duba layin, ba kowa, duk an fita nema. Ta dubi jakarta, ta dubi tsohon. Wallahi ta so ta tafi. Sai da ta yi taku biyu, ta ji numfashinsa yana gurnani, ta yar da jakar ta ruga bakin titi neman tasi.

A mota ya riƙe mata mayafi, yana ta ƙoƙarin magana.

"Ta yau... asalinta..."

"Bari sai yamma, Baba."

Bai kai yamma ba. A ɗakin asibitin da take gogewa kullum ya cika, tana riƙe da hularsa. Da ta isa wurin jarrabawa, mutane na fitowa suna gwada amsoshi. Mai gadi ya ce, "Baiwar Allah, ai an tashi." Ba ta roƙe shi ba. Ta rasa wanda za ta yi wa kuka, tsohon ko kanta, har ta kasa ko ɗaya.

'Ya'yansa suka zo, aka yi abin da za a yi, suka sa wa gidan kwaɗo. Ita ta koma kan tsintsiya da bokiti.

Harafi uku ya samu ya rubuta a katangar ranar da ya faɗi, daga nan allin ya ja layi har ƙasa. 'Yarta ta ce a duba a waya, aka tarar kalmomin da suka fara haka sun fi ɗari.

Da hadari ya haɗo, Uwar Biyu ta kwashe shanya, sannan ta ɗauko tsohon kwanon rufi ta jingina a katangar, ta rufe haruffan. Ta tsaya tana dafe da shi har ruwan ya sauko.