Ƙofar Gawa a Gidan Ambrose

"Itacen tuffar ya zama naka," in ji Ambrose Pettit daga kan gado. "Har da reshen da ka tsufa kana sata."

"Sata? Abin da ya leƙo gidana da ƙafarsa?"

"Rufe mini baki, tsohon ɓarawo. Ja dardumar nan."

Cyril Mott, maƙwabcinsa, ya sunkuya da ƙyar ya ja. A ƙarƙashinta akwai wasu faffaɗan katakai da aka yanke daidai tsawon mutum. Cyril haifaffen ƙauyen nan ne na Suffolk, ya san ko mene ne. Matakalar gidan ƙunci gare ta, ga ta a murɗe kamar dodon koɗi, akwatin gawa ba ya bi. Shi ya sa maginan farko suka bar wannan ƙofa a daɓen bene, a ɗaga katakan, a zura mamaci da igiya zuwa falo.

"Ta nan kakana ya sauka, ta nan babana," in ji Ambrose. "Bayan rasuwar innata ne wani shashasha ya buga mata ƙusoshi. Ba na son a naɗe ni kamar tsohuwar katifa a murɗo ni ta matakala, Cyril. A miƙe nake son in sauka. Ka buɗe mini ita ran da abin ya zo, ka ɗauki itacen."

"Da 'ya'yan bana?"

"Kai dai ba ka da kunya. Da su."

Suka tafa. Hannun Ambrose ba nauyi, sai ka ce busasshen ganye.

To, gidan Ambrose yana cikin gidajen tarihi da hukuma ta sa wa ido. Naka ne, amma ko taga ba ka isa ka sauya ba sai da izini. Ambrose ya ƙare rayuwarsa yana cusa tsumma a ramukan taga lokacin sanyi, yana zagin ƙaramar hukuma, kuma idan baƙo ya tsaya ɗaukar hoton baƙaƙen ginshiƙan gidan, shi ne na farkon fitowa da bayani. A layin nan aka taɓa kai wani mutum kotu don ya sauya ƙofar gidansa. Cyril bai manta ba. Mutum ne da bai taɓa ajiye mota inda aka hana ba. Ya juya maganar a ransa, ya juya, ranar Litinin ya sa kwat ɗinsa ya tafi ofis neman izini.

Misis Garrod, jami'ar gidajen tarihi, ta zo da kanta. Mace mai kirki, har takalmi ta cire kafin ta hau. Ta durƙusa tana shafa katakan, idonta na ƙyalli.

"Irin wannan ba su fi a ƙirga ba a yankin nan," ta ce, tana ɗaukar hoto. "Ban ce a'a ba, Mista Pettit. Amma katakan sun tsufa, zare ƙusa na iya tsaga su. Kada a taɓa sai kwamiti ya zauna."

"Yaushe ke nan?"

"Da kaka."

Ambrose ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "'Yata, ki gaya wa kwamitin ya je ya shirya da likitana."

Misis Garrod ta tafi. Cyril ya haɗa wa Ambrose shayi, bai karɓa ba.

"Wato zuwa ka yi ka tambaya," in ji Ambrose.

"Na ga gara a bi ƙa'ida..."

"Wa ya aike ka? Tun da aka gina gidan nan ake buɗe ta, ba wanda ya taɓa tambayar kowa." Ya juya fuska bango. Can ya ce, "Miƙo shayin, sakarai. Ka sa sukari?"

Bai kai kaka ba. Wata safiya mai jinyar da ke zuwa masa ta ƙwanƙwasa wa Cyril ƙofa, ta gaya masa Ambrose ya cika. Kafin rana ta yi tsaka 'yarsa Hilary ta iso daga Leeds. Cyril ya shigo da igiya a kafaɗa da ƙarfen zare ƙusa a hannu, ya tarar da ita a gindin matakala, ido jajir.

"Kawu Cyril, don Allah."

"Alkawari na yi masa, Hilary."

"Na sani, ya gaya mini. Da ba su sani ba, ni zan riƙe maka igiyar. Amma sun ɗauki hoto, kuma gidan a wuyana yake yanzu. Ni za a kai kotu, ba kai ba."

Ba ta tare hanya ba. Da ya so, da ya wuce. Ya dubi matakalar, ya dubi yarinyar da ya koya wa keke a layin nan, ya jingina ƙarfen da bango.

Masu ɗaukar gawa biyu suka hau da wani mayafi mai kauri. Cyril yana falo, a tsaye daidai ƙarƙashin katakan, yana jin yadda suke fama. A kwanar matakala sai da suka lanƙwasa shi. Wani abu ya bugi katako, ƙwas. Ɗayansu ya ce a hankali, "Yi haƙuri, baba."

Da kaka kwamiti ya zauna, ya ba da izini. Ƙwararru suka zo da safar hannu suka zare ƙusoshin, ko katako ɗaya bai tsage ba. Ƙofar ta buɗe salin alin.

Gidan ya ci riba: darajarsa ta ƙaru, yanzu ranar da ake buɗe shi ga jama'a mutane layi suke yi su leƙa ramin. Hilary ta tsira daga kotu, ta sayar, ba ta sake biyo layin ba. Ambrose abu ɗaya ya roƙa, shi ya rasa. Cyril kuwa ya sami itacen tuffa, don Hilary ta sa an rubuta shi da sunansa.

Bana ya yi 'ya'ya har rassan na taɓa katanga. Suna faɗowa ta nan, suna faɗowa ta can. Cyril yana zaune a bakin ƙofar kicin ɗinsa da shayi a hannu, yana kallon rina na cin su a cikin ciyawa.