Ga Likita Nan

Ranar Talata ce, kuma tun asuba ake ruwa, irin wanda zai ɗauke kamar ya gama, sai ya dawo. Likita na tsaye kan kujera a bayan dandamali yana kwance igiyar labule, ruwa na ɗiga masa a ƙeya ta wata huda a kwanon rufin.

"Ka bi a hankali, tsoho," in ji Raki daga ƙasa, yana riƙe da ƙafar kujerar. "In ka faɗo ba mu da wani likitan."

"Riƙe da hannu biyu, ka rage surutu."

Ba likita ba ne. Gyaran fanka da dutsen guga yake yi a wata rumfa bayan tashar mota. Amma ya fi shekara talatin yana fitowa a likita a wannan gidan wasan kwaikwayo, har sunan ya bi shi gida. Matarsa ma haka take kiransa. Raki kuwa shi ne majinyacinsa. Wasansu guda ne, kuma bai taɓa tsufa ba. Da an ce wa Raki ya yi wani aiki sai ya dafe ƙirji ya zube yana kiran mutuwa. Likita ya zo da jaka, ya zaro allura mai tsawon hannu, Raki ya buɗe ido ɗaya, ya zabura ya ranta a na kare ta tsakiyar 'yan kallo.

Da gidajen wasa uku ne a birnin. Ɗaya ya zama banki, ɗaya aka rushe shi aka yi wurin ajiye motoci. Wannan ne ya fi taurin rai. Lokacin da yake tashe, layin masu sayen tikiti yakan kai kwanar gidan burodi, direbobi suna ta zagi don an tare musu hanya. Sai talabijin ta shigo, sai kaset, sai waya. Aka koma ba da hayar zauren ga masu taro, daga baya aka sayar wa wani mai sayar da tayil na daɓen ɗaki da ke neman wurin ajiye kaya. An ba su zuwa yamma su kwashe nasu.

Su uku suka zo. Ta ukun ita ce Gwaggo, wadda ta fito a surukar kowa a ƙungiyar, kuma ita ce ta ɗinka duk wata riga da aka taɓa sawa a dandamalin nan. Tana zaune kan akwati tana ware kaya. A cikin zauren leburori biyu suna kwance kujeru, wakilin mai tayil na kai da kawo da waya a kunne, wani saurayi mai tsabtar takalmi wanda motarsa ke bakin ƙofa.

"Kai, ku zo ku gani!" in ji Gwaggo. Ta ɗago wata farar riga da ta fara komawa ruwan ƙwai, da abin sauraron ƙirji na roba, da tsohuwar jakar. "Likita, zo ka sa in ɗauke ku hoto. Jikokina ba su yarda mun taɓa cika wurin nan da mutane ba."

"Gwaggo, aiki ne a gabanmu."

"Aikin ya ci gidansu. Sa!"

Ya sa. Maɓallin ciki ya ƙi haɗuwa.

"Wannan ai likitan ne ke bukatar likita," in ji Raki. Ya ajiye kwalin da ya ɗauko yana haki, gumi a goshinsa duk da sanyin da ake yi. Suka fita kan dandamali. Raki ya tsaya yana kallon zauren, rabin kujerun an cire, sai ramukan ƙusa a siminti.

"Can gefen hagu uwar 'ya'yana take zama," in ji shi. "Kullum sai na bi ta nan in zan gudu. Har ta gane ba allura nake gudu ba."

"Ku matso kusa," in ji Gwaggo, tana ɗaga waya.

Raki bai matso ba. Ya dafe ƙirji. "Likita," ya ce. Ya durƙusa kan gwiwa ɗaya, sannan ya kwanta ta gefe, a hankali, kamar yadda ya saba.

Gwaggo ta fashe da dariya har wayar na rawa a hannunta. "Ɗan banza! Wallahi bai manta ba!"

Likita ya ji wani abu ya taso masa tun daga ciki, muryar da ya daɗe bai yi magana da ita ba. Ya gyara wuyan riga, ya ɗaga haɓa.

"Ku ja baya! Ku ba shi iska! Wa ya ba shi abinci ba da izinina ba?"

Leburorin suka bar kujeru suka matso. Wakilin ya sauke wayarsa, ya hawo matakalar da sauri, makullin mota a hannu. Bai taɓa ganin wasan ba. Ba a haife shi ba lokacin.

"Lafiya? Baba ne ya faɗi? In juyo da mota a kai shi asibiti?"

"Wane asibiti, ɗan nan?" in ji Gwaggo, tana share hawayen dariya da gefen mayafi. "Ba ga Likita nan ba?"

Saurayin ya dubi farar rigar, ya dubi abin da ke rataye a wuyan, ya ɗan rusuna. "Au, to alhamdu lillahi. Sannu, likita. Allah ya ba shi lafiya. Ni maigida na nemana, zan je in dawo." Ya sauka. Aka ji tashin motar cikin ruwa.

Likita ya durƙusa. Ya ɗora abin sauraron a goshin Raki, ya saurara, ya girgiza kai. Ya ɗora a tafin ƙafa. Gwaggo ta riƙe ciki. Ya buɗe jaka, ya zaro allurar, ya ɗaga ta sama yadda na ƙarshen zaure zai gani.

"To! Za a yi allura!"

Nan ne Raki ke buɗe ido ɗaya. Bai buɗe ba.

"Na ce za a yi allura!"

Ruwa na bugun kwano. Likita ya sunkuya, ya rage murya. "Kai, tashi mana, kana ɓata wasan." Sai ya ga leɓen ya yi toka-toka, ya ga hannun Raki ya damƙe masa gefen riga.

"Da gaske ne," in ji Raki, da kyar.

Allurar ta faɗi ta gangara ƙarƙashin labule.

"Likita, me za mu yi?" in ji ɗaya daga leburorin. "Mu ɗaga shi ko mu bar shi?"

"Ni ba likita ba ne! Fanka nake gyarawa! Ku kira yaron nan ya dawo!"

Babu mai lambarsa. Likita ya fita titi da gudu. Ruwa ya cika kwata ya hau kwalta, motocin haya na wucewa cike da mutane, gilasai a rufe. Ya ɗaga hannu, ya shiga tsakiyar hanya, aka kauce masa ana watsa masa ruwa. Da ya juyo, leburorin sun fito da Raki a baron da suke kwasar kujeru, Gwaggo ta lulluɓe shi da labulen, ba takalmi a ƙafarta.

Suka tura. Masu fakewa a bakin shaguna suna ganin farar riga sai su ce, "Ku ba likita hanya!" Aka riƙa ba su hanya. Likita na gefe yana tare wa Raki ruwa da tafin hannu.

"Likita," in ji Raki. "Faɗa mana."

"In faɗi me?"

"Abin da kake faɗa."

Likita ya gane. Maganar da yake rufe wasan da ita ce, bayan majinyaci ya gudu. "Babu komai," ya ce. "Iska ce ta taru. Gobe zai tashi ya nemi abinci."

"Ba haka kake yi ba. Da ƙarfi."

Ya faɗa da ƙarfi, a tsakiyar titi, har wata mata mai laima ta juyo.

A asibiti maigadi ya buɗe ƙofa ya sara masa. Wata ma'aikaciyar jinya ta tarye su da gado mai taya tana tambaya, "Likita, me aka ba shi?" Ya tuɓe rigar, ya dunƙule ta, ya zauna kan benci yana ɗigar ruwa. Gwaggo ta koma gefe tana kiran 'yar Raki a waya.

Likitar da ta fito yarinya ce, ba ta kai 'yarsa ta biyu ba, idanunta sun yi ja don gajiya.

"Baba, kai ka kawo shi? Tun yaushe ya faɗi?"

"An ɗan jima."

"Me ya hana a taho da shi nan da nan?"

Ya dubi rigar da ke hannunsa. "Dariya muke yi, 'yata."

Ta dube shi, ba ta gane ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta ce sun yi iya ƙoƙarinsu, sai haƙuri.

Da yamma, bayan dangi sun zo sun karɓi abin da ya rage na hidima, ya koma gidan wasan shi kaɗai. An sa kwado a ƙofa. Lokaci ya cika, an fito da kayansu an jibge a bakin titi, ruwa ya yi ta sauka a kansu. Wakilin na cikin mota zai tafi. Ya sauke gilashi.

"Likita, yaya jikin baban?"

Likita ya ɗaga masa hannu kawai, saurayin ya ja mota.

Yana tsugune yana juya kayan sai Gwaggo ta kira shi a waya. Muryarta ta dishe.

"Ka je? Me muka rasa?"

Ya duba kafin ya amsa.

"Akwatin riguna biyu, launi ya zuba ya haɗe. Hotunan bango sun manne da juna, huɗu na iya rabawa. Gangar ta fashe. Fitilun nan uku wani ya ɗauke. Takalmanki ban gan su ba." Ya ajiye hotunan kan akwati. "Sai Raki."